Zauren Mai Gari a Gindin Dutsen Turunku

Mun tashi da asuba daga Tudun Wada, ni da ƙanena da mahaifinmu, da jaki ɗaya na aro. Dalilin tafiyar idon Baba ne. Ganinsa ya fara dusashewa, ya ce kafin ya ƙare yana so ya kwana a gindin duwatsun Turunku, ya ga fitowar rana a kansu kamar yadda ya gani yana yaro.

Ba mu da hali sosai, don haka na tsara komai da kaina. Na farko guzuri: dakuwa, ƙuli-ƙuli da garin gero. Na biyu tsohuwar tamfol da wani ma'aikacin reluwe ya ara mini, mu kafa ta mu kwana. Na uku doka: ba mai sayen komai a hanya. A Gyallesu dokar ta karye. Baba ya ji ƙanshin waina, na ciro anini ina ɗaure fuska.

Bayan mun ƙetare Galma hanya ta tsuke. Kaka ce, dawa ta sunkuya dama da hagu, matan Fulani na ba da nono araha fiye da na birni. Muka yada zango a wani ƙauye, washegari da la'asar muka isa. Duwatsu sun hau juna, ga ƙorama mai sanyi, birai na leƙenmu.

Mun kafa tamfol ke nan sai ga mai gari da dattawansa. Muka gaisa, ya dube ni.

"Malam, me muka yi muku? Baƙo ya kwana a jeji, gobe a ce garinmu ba zaure? Ku kwashe, mu tafi."

Ba a musu da mai ƙasa. Na fara kwance igiya, ko da yake na san daga cikin gari ba a ganin fitowar rana a kan duwatsun. Sai Baba ya riƙe hannuna.

"Ranka ya daɗe, ba zaurenka na raina ba. Idona ke sallama da ni. Safiya ɗaya nake nema a nan."

Mai gari ya ce, "To, Baba, zauren zai biyo ka."

Kafin magariba aka kawo tabarmi, tuwon dawa da miyar kuka. Dattawan nan duk suka kwana tare da mu a fili.

Da muka sallame sallar asuba muka zaunar da Baba yana fuskantar gabas. Rana ta ɓullo. Na tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Ja kawai. Amma shi ne, na gane shi."

Mun dawo Tudun Wada lafiya. Abin da na koya: in za ka kwana a jejin mutane, fara faɗa musu dalilinka kafin ka buga turke. Baba kuwa, tun da muka dawo bai sake yin ƙorafin ido ba.