Takardar da Sai-Gobe Ya Goge Aska da Ita

Shekara goma sha takwas ina gyaran takalma a jikin shagon askin Sai-Gobe, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka ko tari ya yi sai na ji. Ni na raɗa masa sunan nan, kuma har yau bai gode mini ba.

A wurin kawunsa ya koyi aski, ya gaji kujerar da madubin da ya tsage a kusurwa. Hannunsa kuwa ba a magana, in ya bi gemunka da aska sai ka shafa ka ji kamar kumatun jariri. Matsalarsa ɗaya, ciwon ɓarin kai. Yana cikin aski sai ka ga ya tsaya yana ƙifta ido, wai walƙiya yake gani. Sai ya ajiye aska, ya kashe fitila da rediyo, ya ɗaura jiƙaƙƙen tawul a ka, ya ce wa mutumin da ke kujera, "Sai gobe." Mun sha ganin magidanci ya fito da rabin gashin baki, yana rufe fuska da hula. Har ango ya taɓa yi wa haka.

Da abin ya kai sau uku a mako, matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya rubuta masa wata ƙwaya, ya ce kullum zai sha, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo, don tare ciwon take yi tun bai zo ba. Ya kuma gargaɗe shi kada ya daina kwatsam sai ya komo sun yi magana. Wata biyu ana cikin na uku, Sai-Gobe ya zama wani mutum. Sai dai yatsunsa da ke ɗan yi masa yam-yam wani lokaci. Har waƙa yake yi yana aski, mu kuma a nan muka fara namu ciwon kan.

To, yana da wata ɗabi'a. Ba ya goge aska a tsumma, wai ƙazanta ce. Takarda yake yagowa, ya ɗora wa mutum a ƙirji, yana goge kumfa a kai. Tsohuwar jarida, takardar jarrabawar 'yan biyu, duk abin da hannu ya kai. Ranar da tsautsayi ya faɗa, hannunsa ya kai kan takardar da ke cikin kwalin maganinsa.

Wanda ke kujera kuwa Hedimasta ne, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, mutumin da ko ledar burodi aka ba shi sai ya karance ta. Aska na maƙogwaronsa, ya karkato ido ƙasa yana karanta abin da ke ƙirjinsa.

"Tsaya," in ji shi a hankali. "Ɗaga hannunka. Wannan maganin wa ye?"

"Nawa ne, Malam."

"Nan an rubuta maganin farfaɗiya ne!"

Ban taɓa sanin tsohon nan na iya gudu ba. Ya fito da kumfa a fuska da zanen aski a wuya, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Ni na tsince shi, har na yi masa ɗinki kyauta.

Kafin la'asar layi ya ɗauka. Ni ma ba zan ce bakina ya yi shiru ba. Duk wanda ya nufo shagon sai in ce, "Ka bar wasiyya dai ko?" Wasa nake yi, amma mutane sai su yi dariya su wuce shagon bakin titi. Kwana goma benci fayau, ba kowa sai ƙuda.

Ran nan Maman 'Yan Biyu ta zo shagon, na ji su ta bango. "Na daina shan maganin nan," in ji shi. "Gara kaina ya fashe da in zauna ina wasa aska ba wanda zan aske."

"Ka daina ka gani, baban 'yan biyu," in ji ta. "Ni zan koma jiƙa maka tawul? Likita ya ce me?"

"Likita zai zo aski ne?"

Sai na ga ta fito da sabon kwalin maganin, ta wuce ni ko sannu babu, ta nufi inda Hedimasta ke zama da abokansa a ƙofar shagon mai shayi. Na ajiye takalmin da nake ɗinki na bi bayanta, don irin wannan kallo ba a barinsa.

Ta zaro takardar ta warware ta, doguwa kamar rawani. "Malam, kai ka fara karatun, to ka ƙarasa. Da ƙarfi, kowa ya ji."

"Haba 'yata, ai na riga na..."

"Layi biyu ka karanta ka ruga. Haka kake koya wa yara?"

Hedimasta ya gyara tabarau. Ya karanta wurin farfaɗiya da murya sama. Sai muryar ta fara yin ƙasa: ana kuma ba da shi don hana tasowar ciwon ɓarin kai.

"Maimaita, Malam," na ce, "mu da ba mu yi nisa a makaranta ba kunnenmu na da nauyi."

Ta juyo kaina. "Kai kuma mai takalma, rufe mana baki. Ko da ma farfaɗiyar ce, laifi ne? Ƙanena na da ita, yana shan maganinsa, yana aikinsa, ya fi ka hankali nesa ba kusa ba."

Na rufe.

Da kanta ta rako Hedimasta har kujera, 'yan shayi na biye. Gemunsa na kwana goma, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sai-Gobe ya ɗauko ƙwayar ranar, ya haɗiye ta a gaban kowa, ya kora da ruwa, sannan ya wasa aska a hankali, ya sake wasawa. Tsohon na zufa, hannunsa biyu riƙe da kujera.

"Malam, ka daina rawa," in ji Sai-Gobe. "In aka samu yanka yau, daga wajenka ne."

Aka gama lafiya, ko ƙwarzane babu. Hedimasta ya shafa haɓa ya dubi madubi, ya ce ai shi dama bai taɓa shakka ba. Kafin ya sauka, wani direban tasi da mai shayi suna gardamar wanda ya riga wani zama a benci.

Ni ma na leƙa na ce a sa ni a layi. Sai-Gobe ya dube ni sama da ƙasa, ya ce nawa askin sai Maman 'Yan Biyu ta huce. Wata guda ke nan ina yawo da hula.