Yaya Mai Niƙa da Motar Dogo

Yayana bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa, amma yau a layinmu in ka ce "wanda ya kashe mota", kowa zai nuna maka ƙofarsa yana murmushi. Abin nan yana ci mini rai. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, don mai dariya ya san abin da yake yi wa dariya.

Mai injin niƙa ne. Tun ina 'yar firamare yake cikin ɗakin nan mai ƙofar langa-langa da ke jikin gidanmu ta bakin titi, shi da wani tsohon inji mai shan gas. Kullum da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya zaro sandar awon mai, ya goge ta a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba a hasken ƙofa. Sai ya gamsu sannan zai tayar. Mata su jera bokitai har bakin kwata. Da yamma ya fito fari fat, tun daga gira har yatsun ƙafa. Da injin nan ya biya mini makaranta har na gama sakandare, da shi ya aurar da ni, kuma da mijina ya rasu, bai jira na roƙa ba, ya ce in kwaso kayana in dawo ɗakin mahaifiyarmu.

Injin ya ciyar da mu, shi kuma ya karɓi kunnen Yaya a madadi. Ba rana ɗaya ya kurmance ba. Da farko sai ka maimaita, daga baya sai ka ɗaga murya, yanzu kuwa sai ka tsaya a gabansa ya ga bakinka. In ya ga baki, ba abin da ke wuce shi.

Ɗa guda Allah ya ba shi, muna ce masa Dogo. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ni na ƙarasa rainonsa. Ba su taɓa faɗa da ubansa ba, kada wani ya ce na ce. Kawai ɗa ya gaji da maimaita magana, uba ya gaji da cewa "Na'am?", sai kowa ya yi shiru. Dogo ya yi karatu, ya samu aiki mai kyau, ya fara cewa ubansa ya huta. Dama injinan lantarki sun cika unguwa, bokitai sun ragu. Aka sayar da tsohon injin, ɗakin ya zama kango.

Sai ga mota.

Ruwan ɗorawa ce, ƙofa biyu, kujera biyu, a kwance take da ƙasa kamar ƙadangare. Irin ta tsere. Na tambayi Dogo, mai ita, ina ake sa kaya, ina ake sa mutane, ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, wannan ba ta ɗaukar kaya ba ce." Bai daɗe da sayenta ba aka tura shi aiki wata ƙasa mai nisa, na shekaru. Ba ya son sayar da ita, ba ya son barinta a hannun abokai. Yaya da kansa ya ɗauki guduma ya fasa dokin ƙofar ɗakin niƙa, ya faɗaɗa ƙofar, ya share garin da ya daskare a bango, aka shigar da ita.

Ranar tafiya Dogo ya tsaya gaban ubansa, ya sa masa makulli a tafin hannu, ya yi magana a hankali don ya ga bakinsa.

"Baba, kullum ka tayar da ita, kada ta kwanta. Amma kada ka buɗe bonet. Ba injin niƙa ba ne."

Yaya ya ce, "To."

Ban taɓa ganin an yi magana mai tsawo haka tsakaninsu ba tun Dogo yana makaranta. Yaya ya ɗaura makullin a igiya ya rataya a wuya.

Daga nan rayuwarsa ta koma ɗakin niƙa. Da safe ya wanke ta, ya goge ta da tsohon zanen matarsa don ya fi laushi, ya cire takalmi sannan ya shiga. To ga inda matsalar take: motar nan in ta tashi, wani ɗan gurnani take yi ƙasa-ƙasa, Yaya kuwa ba ya ji. Injin da ya sani, in ya tashi har haƙoranka sai sun sani. Don haka sai ya taka totur, ya ƙara takawa, har sai ya ji rawar a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa. Ya riƙe ta a nan, tana ihu, tagogin layi suna karkarwa. In ya gamsu sai ya murɗa makulli ya kashe ta nan take, don kada a ɓarnatar da fetur.

Telan da ke kallon gidanmu yakan leƙo ya ce, "Mai niƙa, yau ma jirgin namu zai tashi?" Mai wanki ya ce, "A ajiye mini kujerar gaba." Yaya ya ɗaga musu hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Ranar hutun Dogo, da hantsi, yake kira. Wayata yake kira, tunda ubansa ba ya ji. Ranar nan Yaya yakan yi wanka da wuri, ya sa riga mai guga, kamar wayar tana gani. Kuma kiran bai taɓa canzawa ba.

"Gwaggo, ina kwana. Ya Baba? To madalla. A tayar mini da ita in ji."

Sai mu nufi ɗakin niƙa, ni riƙe da waya, Yaya ya cire takalmi ya shiga ya tayar. Dogo ya ɗan saurara ya ce, "Ya isa, ya isa, tana lafiya," ya yi sallama. A gaban waya Yaya ba ya takawa sosai, yana jin kunya. In na kashe wayar sai ya dubi bakina.

"Me ya ce?"

"Ya ce tana lafiya."

Sai ya gyaɗa kai, ranar nan har ƙarin abinci yake yi. Ni kuwa in koma ɗaki raina a ɓace. Mutum ya kira daga wata duniya ya gaisa da ƙarfe.

Tafiya ta yi tafiya, sai motar ta fara wani fito mai tsini in an taka ta. Ni na ɗauka haka take, ban san mota ba. Sai salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Yaya ya gani, amma injinsa na da ma yakan yi hayaƙi da safe. Wata jar fitila mai siffar buta ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari. Wannan ta dame shi. Ya ce in tambayi Dogo, na tambaya, Dogo ya ce in an murɗa makulli duk fitilu kan kama, kada a damu. Na sha ganin Yaya tsaye a gaban bonet, ya ɗora hannu a kai, ya daɗe, sannan ya janye hannun. An ce kada ya buɗe.

Wata safiya ina tsakar gida ina shanya, na ji ihun nan na kullum, sai wani ƙara ya shigo ciki kamar ana dukan tukunyar ƙarfe da guduma. Sai shiru. Na yar da kayan na ruga. Ɗakin ya cika da hayaƙi mai warin ƙonannen mai. Yaya yana zaune a ciki yana murɗa makulli, ba abin da ke motsi.

Ya fito ba takalmi. Ya laluba har ya gano inda ake ja, ya buɗe bonet ɗin a karon farko. Bai san komai a cikin tarkacen nan ba, amma ya san sandar awon mai. Ya zaro, ya goge a gefen rigarsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai ta hasken ƙofa. A bushe take.

Ya ce, "Auta, da ƙishirwa na kashe ta."

Tela ya tsallako titi da almakashi a hannu. "Ai mun daɗe muna jin kukan nan nata. Na ce wa mai wanki wannan ba lafiya ba."

Na ce, "Ka ce wa mai wanki. Shi mai wankin ne ke da motar? Bakinka ya iya tsokana kullum, amma bai iya tsallako titi ba sai yau da aka yi gawa?"

Ya koma shagonsa.

Na nemo bakanike wanda ya san irin motocin nan. Ya duba, ya kwance wani abu mai kama da katantanwa, ya nuna mana. Ya ce sunansa turbo: wata 'yar farfela ce a ciki, hayaƙin salansa ke juya ta da gudun da ba ya misaltuwa, tana cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Ba ta rayuwa sai da baƙin mai. In aka taka ta tana sanyi kafin mai ya kai gare ta, tana ciwuwa. In aka kashe ta da zafinta ba a bar ta ta huce ba, man da ke ciki ya ƙone. Da ta lalace sai ta riƙa tura mai cikin inji yana ƙonewa, shi ne hayaƙin. Da mai ya ƙare, inji ya buga.

"Ba gyara, Hajiya. Sai dai wani injin."

Yaya yana kallon bakinsa har ya gama. Bai ce ba a gaya masa ba. Bai ce an hana shi buɗewa ba. Ya yi wa mutumin godiya, ya raka shi bakin titi.

Ana gobe ranar kira ya same ni a ɗakin girki.

"Ki ce masa batir ne."

"Ba zan yi ƙarya ba, Yaya."

"To in babu motar, me zai kira ya ji?"

Ashe ya sani. Duk tsawon lokacin nan da nake ta ƙunci a madadinsa, ya sani sarai, ya kuma yarda da abin da ya samu.

Da Dogo ya kira na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Sai ya fara faɗa. Wa ya ce a taka totur? Tayarwa kawai ya ce. Shin mun san wahalar da ya sha kafin ya same ta? Na bar shi ya gama, sannan na ce masa ya bar wa kurma mota, ya hana shi abu ɗayan da ya iya, bai zauna ya koya masa komai ba, kuma tunda ya tafi bai taɓa tambayar ko ubansa yana barci ba.

Ya ce, "Gwaggo, me zan ce masa? Ba ya ji na."

Na ce, "Shi ne ba ya ji. Kai kunnenka ƙalau."

Ya kashe wayar.

Watanni suka wuce ba kira. Yaya bai fasa wanke motar ba. Ranar hutun Dogo ya sa riga mai guga, ya zauna a benci kusa da ni yana kallon wayar da ke cinyata har rana ta take. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ma ya faɗa, da na samu abin yin faɗa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Sai wata rana ga bakaniken nan da akori-kura, da inji a cikin akwatin katako. Dogo ya aiko. Bai kira ba, bai zo ba, inji ya aiko. Aka yi kwanaki ana aiki, Yaya yana miƙa musu ruwa da tsumma. Da aka gama ta tashi lafiya lau. Bakaniken ya goge hannu, ya wuce Yaya da ke tsaye da igiyarsa a hannu, ya miƙo mini makullin.

"Mai motar ya ce ke za ki riƙe, Hajiya. Kada a ba tsoho."

Ya manta Yaya yana karanta baki. Yaya ya naɗe igiyar, ya sa a aljihu, ya shiga gida.

Ranar hutu wayar ta yi ƙara. Yaya yana benci, amma yau da tsohuwar rigarsa.

"Gwaggo, ina kwana. An gama aikin? A tayar mini da ita in ji."

Na ce, "Makulli yana ƙasan akwatina, kuma can zai zauna. In kana son jin motarka ka zo ka tayar da abarka. Ga abin da za ka ji yau."

Na kai wayar bakin Yaya, na sa fuskata a gabansa na ce, "Yi magana. Yana ji."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya yi gyaran murya. Ya fara da ban haƙuri a kan motar, na girgiza masa kai, sai ya bari. Sannan ya ce gwiwarsa ta hagu tana damunsa in gari ya yi sanyi. Ya ce bishiyar lemon da uwar Dogo ta shuka ta yi 'ya'ya bana, bayan an cire rai. Ya ce ya yi mafarkin tsohon injinsa. Ya ce lokacin da Dogo yake jariri ba ya barci sai an kwantar da shi a buhu kusa da inji yana aiki, in an kashe sai ya farka da kuka. Muryarsa da ƙarfi take fita, irin ta wanda ba ya jin kansa, har tela ya tsayar da kekensa.

Ban ji komai daga ɗaya ɓangaren ba. Yaya ya tsaya, ya dubi bakina.

"Ya kashe?"

Na duba fuskar wayar. Lokaci yana ta tafiya. Na kara a kunne, na ji numfashi, da wani jan hanci.

Na ce, "Yana nan."

Yaya ya karɓi wayar daga hannuna, ya riƙe da hannu biyu, ya ci gaba.