Kakin da na shafa a kan ɗanyen fenti

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba a shekarun da na shafe ina gyara jikin motoci a Azare. Na shafa kaki a kan fentin da bai gama bushewa ba, aka tambaye ni, na ce ban shafa ba.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma aikin nan na san shi. Za ka wanke mota a inuwa, ka tsane ta da tsumma mai laushi. Sai ka ɗauko man rufi na kwalba, mai kama da madara, ka shafa shi siriri ka bar shi ya kwana. Washegari kaki ya hau kai, shi ma siriri, ka goge har ka ga fuskarka a ƙofa. Man rufi ke tare rana, kaki ke ba da sheƙi. In ka juya su, na sama ba zai kama ba. Ni kuwa ina ƙara kaki hawa biyu, don haka masu mota ke zuwa wurina har daga Katagum.

Kusa da rumfata akwai mai fenti, Bafillace, mutumin wajen Yana. Mahaifiyata Babarbariya ce, saboda haka kullum muna cikin wasa. Shi ya ce da ni bawansa, ni in ce ya bar shanu ya kama fesa wa ƙarfe kala. Hannunsa yana da kyau, in ya fesa mota sai ka rantse daga kamfani ta fito.

Wata shekara wani hedimasta, Kirista daga kudancin Bauci, ya kawo tsohuwar motarsa koriya aka sake mata fenti. Ya yi ritaya, yana so ya shiga garinsu da ita ranar bikin 'yarsa. Da mai fenti ya gama, ya leƙo rumfata.

"Kai bawana, in ya kawo maka ita, ruwa kawai. Fentin nan yana numfashi. Sai ya yi kwana arba'in kafin kakinka ya taɓa shi."

"Sai ka ce mai jego," na ce.

"Mai jegon ce. Kada ka taɓa mini ita."

Kwana shida da haka hedimasta ya zo. Ya ce, "Malam, ina so ta yi ƙyalli irin na motar Alhajin can da ka yi." Ban gaya masa abin da aka gaya mini ba. Mai fenti ya tafi Yana gaisuwar mutuwa, ni kuma ina so a ga hannuna a kan motar, ba nasa kaɗai ba. Na shafa man rufi, washegari na bi da kaki hawa biyu. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Masu acaba suna tsayawa kallo.

Bayan wata ɗaya hedimasta ya dawo da ita. Bonet da rufin sun dushe kamar an watsa musu koko, ga 'yan ƙuraje a jere. Na toshe wa fentin numfashi, zafin rana ya dafa shi daga ciki. Mai fenti ya shafa wurin da tafin hannu, ya juyo.

"Ka sa mata wani abu?"

"Ruwa da sabulu."

Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya ce watakila fentin da aka sayar masa ne. Ya bi bonet da rufin sama-sama da samfefa, takardar nan mai kaushi ta kankare fenti, ya sake fesawa. Da ya san akwai kaki, da ya fara wanke shi da tina, ruwan da ke narkar da maiƙo. Samfefar ta tura maiƙon cikin fentin, sabon ya ƙi zama, ya fito da ramuka kamar fuskar mai zanzana. Hedimasta ba mai hayaniya ba ne. Ya dai ce a gaban mutane, "Sau biyu ke nan," ya ja motarsa zuwa wani gareji.

Kafin ya tayar da ita, mai fenti ya ɗauki butarsa ya zuba ruwa a kan murfin but na bayan motar, inda bai sake taɓawa ba. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Fenti zalla ba ya yin haka. Ya dube ni, ya ajiye butar, ya shiga rumfarsa.

Magana ta bazu a tasha cewa hannunsa ya mutu. Masu mota suka daina zuwa wurinsa. Ni aikina bai ragu ba. Damina ta biyu ya sayar da injin feshinsa ya koma Yana noma. Tun daga ranar butar bai ƙara ce mini bawansa ba, Malam yake cewa.

Bara na je Yana ranar kasuwa na same shi yana sayar da wake, idonsa ɗaya ya yi hakiya. Na tsuguna na faɗa masa gaskiyar abin da na yi. Ya ce, "Na sani tun a buta. Na yi mako ina jira ka faɗa da bakinka." Ya ce ya yafe, ya auna mini wake, ya tambayi iyalina. Malam ya kira ni har na tashi.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, ina roƙonku: in an ce a jira kwana arba'in, ku jira. In kuma kun riga kun shafa, ku faɗa tun mutumin bai ɗauki samfefa ba.