Mai Tiyo da Turken Ƙofar Ƙasa

Filin da na saya bayan na yi ritaya daga koyar da lissafi ya yi araha ne saboda gangara. Daga bakin titi zuwa ƙarshensa ƙasa ta sauka mita biyu da santimita arba'in. Magina biyu suka duba, kowanne ya ce a kawo tifa arba'in ta jar ƙasa a cike. Na ukun, wani gajeren dattijo mai ɗingishi, aunawa ya fara yi. Ya kwance dogon tiyo siriri daga kafaɗarsa, ya cika shi da ruwa, ya ba ni ɗaya bakin na riƙe, ya gangara da ɗayan. Da tiyon nan yake gane tudu da kwari, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Tiyo.

“Malam, kana da kuɗin binnewa?” ya ɗaga murya daga can ƙasa.

Na ce ba ni da su.

“To kada ka yi faɗa da gangara. Mu bi ta a hankali, hawa uku.”

Bai yi boko ba. Da ɗaukar bulo ya fara, kuma ɗingishin nan katanga ce ta faɗo masa yana saurayi, katangar da aka gina a gangara ba a bar wa ruwa hanya ba. Tun daga ranar ba ya karɓar aiki sai ya ga filin ana ruwan sama. Haka ya sa muka jira wata biyu. Ranar da aka yi ruwan farko na same shi tsaye a tsakiyar ciyawa, buhun siminti a ka, yana bin ruwa da ido kamar mai kiwon awaki.

Mu shida za mu zauna a gidan: mahaifiyata Inna, ni da matata, sai ɗana da matarsa da 'yarsu mai shekara huɗu. Mai Tiyo ya ce Inna za ta zauna sama, daidai da titi, don motar asibiti ta tsaya a ƙofarta. Mu a tsakiya. Matasa a ƙasa, tunda gwiwarsu sabuwa ce. Ko tsayin matakala bai ɗauko daga littafi ba. Ya jera katako a gaban Inna ya ce ta taka.

“Kai, ni za ka gwada kamar akuyar sayarwa?”

“Inna, ƙafarki ce injiniyan gidan nan.”

Ta taka uku, ta ƙi na huɗu. Ya auna: santimita goma sha biyu. Duk matakalar gidan haka take.

A kan kasafi ma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kashi ɗaya cikin uku na abin da na tara zai tafi a tushe da bangon tare ƙasa, inda baƙo ba zai gani ya yaba ba. Za a fara da wannan, sai sashen Inna, sai namu, sai na ƙasa. “Fenti yana jira,” in ji shi. “Ruwa ba ya jira.”

Yana da wata ƙa'ida da na ɗauka wasa ce. Kafin a kai wa mai zanen gini aikin, kowa zai tsaya inda yake son ƙofarsa, ya buga turke da hannunsa. Wata Asabar muka je dukanmu. Ɗana, wanda Mai Tiyo ke kira Dogo, ya gangara can ƙasa da matarsa, wadda Inna ke ce wa Amarya har bayan shekara shida da aure. Na ji dariyarsu daga inda nake, na ji Dogo ya yi ƙara yana yarfe hannu. Ban kula ba, ina fama da nawa turken.

An gama bangon tare ƙasa da sati uku Dogo ya kwanta rashin lafiya. Kwana tara ya yi, muka kai shi makwancinsa. Shekararsa talatin da huɗu.

Aikin ya tsaya wata biyar. Mai Tiyo bai taɓa tambayata yaushe za a ci gaba ba. Daga baya na ji cewa duk bayan ruwan sama yana zuwa shi kaɗai ya zare ciyawa daga ƙananan bututan fitar ruwa da ya bari a jikin bangon.

Da na iya zama gaban zanen, sai na yi abin da na iya. Asibiti ya ci rabin abin da aka ware wa sashen ƙasa. Ban kuma ga yadda zan ce wa yarinya mai shekara ashirin da takwas ta zauna a bayan ƙofar da mijinta ya zaɓa ba. Na ɗauki rula da jan biro na ja layi biyu a kan sashen, na bar takardar a teburin falo. Ban yi wa kowa magana ba. Bayan kwana uku matata ta ce mini Amarya ta fara ɗaure kaya, wanta zai zo ya ɗauke su ƙarshen wata. Na ce ai dama na sani. Da yamma na ga jikata tana cusa takalmanta a leda, na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Washegari na sami Mai Tiyo a filin, yana zuba shayi daga fulas. Na nuna masa zanen, na ce a tuge turakan ƙasa.

Ya daɗe yana kallon jan layin. “Layinka ya miƙe, Malam. Amma ni ba na tuge turken wani. Mai shi zai zo ya tuge.”

“Mai shi ya rasu,” na ce. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba sai ranar.

“Allah ya jiƙan Dogo. Amma riƙewa kawai ya yi. Amarya ce ta buga. Har ta same shi a babban yatsa, ya ce da gangan ne. Ina tsaye a wurin.” Ya kurɓi shayi. “Ka tambaye ta?”

Na girgiza kai.

“Shekara talatin kana yi wa 'ya'yan mutane tambaya a aji. Guda ɗaya ta gagare ka a gida.”

Da la'asar na kawo ta. Ta bi gefen bangon ta gangara, 'yarta riƙe da gefen mayafinta, ta tsaya gaban turken. Ya yi baƙi, gara ta fara cin gindinsa.

“Amarya,” in ji Mai Tiyo, “Malam na son a cire wannan. Naki ne. Me kika ce?”

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. “Baba, na ga jan layin lokacin da nake share tebur. Na ɗauka kun gama shawara ne.”

“Ni kuma na ɗauka tafiya kike so.”

“Wa ya ce muku?”

Babu wanda ya ce mini. Na gaya mata haka, na kuma gaya mata gaskiyar kuɗin.

Mai Tiyo ya ajiye kofinsa. Ya ce tushen yana nan, bangon yana nan, abu mai tsada an riga an yi shi. In na haƙura da ɗakin karatun da na zana wa kaina, aka jinkirta tayil da silin na sashenmu, ɗaki biyu da kicin za su tashi a ƙasa. “Littattafanka su kwana a kwali shekara biyu, ba za su yi mura ba.” Ya ƙara da cewa zai buɗe mata ƙaramar ƙofa ta baya, tata ta kanta, don rayuwa tana da tsawo kuma ba ya son wata rana ta riƙa neman izinin wucewa ta falon kowa.

Amarya ta durƙusa ta girgiza turken har ya fito. Na ɗauka ta zaɓi tafiya. Sai ta matsa taku uku zuwa hagu, ta ɗaga kai tana duban sama.

“Daga nan zan riƙa hango tagar Inna,” ta ce. “Tun farko nan na so. Shi ya ce rana za ta dame mu.”

Mai Tiyo ya fiƙe sabon turke, ya miƙa mata guduma. Sannan ya juyo ya miƙa mini turken.

“Riƙe mata, Malam. Ka dai janye babban yatsa.”

Na durƙusa na riƙe. Ta buga sau huɗu, ya shiga.