Baturiyar bencin baya

Duk Asabar da ake nuna majigi a laburaren unguwa a Nima, Baturiyar nan takan zauna a bencin baya, dab da lasifika. Fuseini mai kunna majigin bai san sunanta ba. Atamfarta ta koɗe, ɗaurin ɗankwalinta na wadda ta koya da girma ne, ga lalle a yatsunta. An ce wani ɗan Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka, da ya je karatu Rasha ne ya auro ta. Ko suna tare har yanzu, Allah masani.

Yau fim ɗin na masunta ne, daga wata ƙasa wai ita Lituwaniya, cikin yaren da babu mai ji. Da wata tsohuwa a cikin fim ɗin ta fara magana, sai Baturiyar ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi.

Jama'a kuwa sun fara gunaguni. Al'adar wurin ce, in fim ya gagari kunne a kashe sauti, Alu tela ya miƙe ya ƙaga labarinsa da Hausa.

Fuseini ya kai hannu zai kashe sautin, Baturiyar ta dafa hannunsa. "Yaya, bar shi kaɗan. Haka uwata ke magana."

"Madam, sun fi ƙarfina," in ji shi, kansa a sunkuye. Ya kashe.

Alu ya ce ai tsohuwar tallan dokunu, tuwon masara na ƙunshi, take yi, ɗakin ya ɓarke da dariya. Ita kuwa ta buɗe ido, ta ƙura wa bakin tsohuwar ido, tana tsintar abin da aka bar mata na maganar daga motsin leɓɓa.