Maganin Baba a Cikin Randa

'Yar ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna ta zo hutu, ta zaunar da ni tana min bayanin aikinta. Wai suna sarrafa sinadarin da ke cikin yashi, su mai da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace da ƙofofi a jikinta. Sai su ɗura magani mai saurin lalacewa, irin insulin, a cikin ƙofofin, ƙwayar ta kare shi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a jikin mutum. Na ce Allah ya ba da sa'a, na tashi. Ta ɗauka ban gane ba ne. Na gane sarai, raina ne ya ɓaci, don mu ma mun taɓa ba yashi ajiyar insulin.

Shekarar ville morte ce, lokacin da ake rufe garin Douala, ba a buɗewa sai ƙarshen mako. Ba taksi, ba kasuwa, tayoyi na ci da wuta a titi. Babanmu tela ne a unguwar New Bell, yana da ciwon suga, kullum sai ya yi allura. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya sayi kwalaben insulin da za su kai shi watanni. Da ma a firijin wani mai sayar da lemo muke ajiyewa. Aka fasa shagon mutumin, ya tattara ya koma garinsu.

Gwaggo, yayar Baba, a Marwa ta yi zaman aure, kuma har ta mutu ba ta yarda akwai abin kirki a Douala ba. Ta ce, "Wane firiji? Mu a arewa da me muke sanyaya ruwa?" Ta cika randarta da jiƙaƙƙen yashi, ta binne kwalaben, ta rufe da buhu, ta kai tsakar gida wai don ta sha iska.

A Marwa dabarar tana ci, don iskar can busasshiya ce, tana zuƙe damshin randa ta bar sanyi. Iskar Douala kuwa ita kanta a jiƙe take, wanki ma sai ya kwana a igiya bai bushe ba. Randar nan gumi kawai take yi, rana na dukanta. Da safe in ka sa hannu ka ji yashi da ɗan sanyi, shi ke nan. Ba wanda ya san bambancin, kuma ba a musu da Gwaggo.

Sannu a hankali Baba ya fara rama. Ƙishi ba iyaka, fitsari ba iyaka, kiyashi na bin bakin makewayi. Allura kuwa ba ya fashi. To in magani na shiga ciwo na ƙaruwa, laifin wa? Kowa ya san yadda Baba ke son shayi mai zaƙi kafin a hana shi.

Inna ta tsare shi a gabanmu. "Malam, ka ji tsoron Allah. A ina kake shan suga?"

"Wallahi ban sha ba."

Gwaggo ta ce, "Rabu da shi, tun yana yaro haka yake da kwaɗayi."

Aka bincike aljihunsa, aka bincike akwatin keken ɗinki. Aka je har wurin mai shayin ƙofar masallaci aka ja masa kunne, unguwa duk ta ji. Dattijo mai furfura, an mai da shi ɓarawon suga a gidansa. Daga baya ya daina rantsuwa, ya koma rage tuwo, ko za a yarda da shi. Har yau in na tuna wannan sai na ji kamar in yi kuka.

Ranar da ya faɗi, gari a rufe yake. A amalanke maƙwabta suka tura shi asibiti. Wata nas ta karɓi kwalbar da muka zo da ita, ta ɗaga ta a haske. Maganin ya dunƙule ya manne a jikin gilashi.

"Ça, c'est mort depuis longtemps," in ji ta. Ta ce maganin ya daɗe da mutuwa, kusan ruwa kawai Baba yake ɗura wa kansa.

Ni na yi boko, ni na fassara wa Inna. Ta je bakin gadon, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Malam, ba kai ba ne. Maganin ne ya lalace. Ka ji? Ba kai ba ne."

Ta yi ta maimaitawa har la'asar. Bai farka ba.