Mutanen Gar Sun Ce

A gidan rediyon da na yi aiki a Parakou, ni nake gabatar da shirin Hausa na direbobin gar, wato tashar mota, da 'yan kasuwa. Kafin zuwana wani dattijo ne yake riƙe da shi, sai aka mayar da shi bayan gilashi, wajen na'ura. Yaya nake ce masa.

Bai taɓa faɗa mini laifina a matsayin ra'ayinsa ba. A taron safe, gaban shef, shugaban gidan rediyon, zai gyara hula ya ce, "Ni dai ba ruwana, amma mutanen gar sun ce ƙanena ba ya gaisuwa."

Ina gaisuwa. Sallama ɗaya, sannan in shiga halin da hanya take ciki, yadda aka koya mini. Shi a zamaninsa sai ya gaida masu kamyo, wato manyan motocin kaya, unguwa-unguwa kafin ya faɗi gadar da ta karye.

"Wa ya faɗa, Yaya?"

"Haba ƙanena, a tona mai sauraro?"

Na ƙara gaisuwa. Da mako ya zagayo, mutanen gar suka ce na cika surutu.

A lokacin shef yana tunanin wanda zai tura Djougou ya gabatar da shiri kai tsaye daga kasuwa. Ni na kawo shawarar, ni na samo mai shagon da zai ba mu wuta. Ganin tafiyar tana neman kuɓuce mini, na je gar da ƙafata. Na tarar da Yaya a teburin mai shayi, direbobi sun kewaye shi. Na tambaye su abin da ba su so a shirina.

Wani direba ɗan Nijar ya yi dariya. "Malam, lokacin shirinka muna hanyar Cotonou, ba ma kama ku. Baban nan ne yake ba mu labarin abin da ka ce."

Yaya ya ci gaba da juya shayinsa.

Na kai wa shef maganar yadda take. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato ka je ka titsiye dattijo a gaban mutanensa?"

Yaya aka tura Djougou. Ni na zauna bayan gilashi ina riƙe masa sauti, ina ji yana gaida masu goro rumfa-rumfa har lokaci ya ƙare bai faɗi ko labari ɗaya ba.

Washegari a taro ya gyara hula. Mutanen gar sun ce shirin Djougou ya yi kyau, sai dai sautin ya yi ƙasa.